Kukan Birki

Mu biyu ne muka gaji rumfar Baba, ko da yake Baba yana nan da ransa. Idanunsa ne suka yi rauni, hannunsa kuma ya fara rawa in ya riƙe sifana, sai ya koma kan benci a bakin rumfa yana jan carbi yana sauraren aikinmu. Daga bugun guduma yakan gane wanda ke riƙe da ita a cikinmu. Ya fi shekara 40 yana gyaran keke a Jos, kuma rayuwarsa ta tafi ne a kan Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, masu birkin sanda, wanda in ka matsa hannu sai sandunan ƙarfe su jawo roba biyu su kama wili. A kansu muka koyi faci da ɗaurin sifok da zuba boris, tun muna dawowa daga makarantar allo da tawada a yatsu.

Baba yana da wata magana da muka ji ta fi sau dubu: "Ƙarfe in ya yi kuka, mai yake roƙo." Yakan faɗe ta in feda tana ƙara ko firwil ya bushe. Sai ya ɗauko kwalbar baƙin mai mai hudajjen murfi ya ɗiga, kukan ya mutu, mai keke ya biya ya tafi yana murna. Mun haddace maganar kafin mu haddace lambobin sifana.

A ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kuɗin Napep ya bi bayanta. Mutanen da suka jingine kekunansu a zaure shekara da shekaru suka kakkaɓe su suka kawo mana. Tare da tsofaffin sai ga wasu da ba mu saba da su ba, na gwanjo daga Turai, masu giya da manyan tayoyi, da yawansu ba su da robar birki ko ɗaya. A tsakiyar kowace taya an ɗaure wani faifan ƙarfe mai huji-huji da noti shida, faɗinsa kamar murfin ƙaramar tukunya. A kan faifan akwai wani ɗan ƙarfe mai baki da muke kira muƙamuƙi a rumfarmu. Cikin bakin akwai wasu 'yan abubuwa biyu masu faɗi, kowanne bai fi kan babban yatsa ba, makanikai na kiransu fad. In ka matsa hannun birki sai su cije faifan, taya ta tsaya. Mun yaba da dabarar tun ganin farko, domin birkin yana nesa da taɓo, kuma ko wili ya ɗan karkace ba ruwansa.

Irin wannan keken muka zaɓa wa Auta. Shekararsa 14 lokacin, makarantarsu da nisa, kuɗin Napep na zuwa da dawowa ya fara cin ribar awarar Inna. Da ta kwashi adashinta sai ta damƙa mana kuɗin ta ce, "Ku ne masana keke, ku samo masa mai lafiya." Muka samo shuɗi mai birkin faifai na waya gaba da baya. Birkin muka fi alfahari da shi, saboda Jos gari ne na hawa da sauka, a kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, har unguwa guda sunanta Gangare. Layinmu ma haka yake. Daga ƙofar gida hanya ke zubewa har ta faɗa babban titi inda tireloli ke wucewa.

Wata huɗu keken bai ba shi matsala ba. Da hunturu ya kankama sai birkin ya fara kuka da safe, wani siririn kuka mai shiga haƙori. Wata Lahadi da yamma ya turo shi rumfa. Baba ya tafi gaisuwar mutuwa, mu kuma kekuna biyar na jiranmu.

"Yaya, keken nan yana ba ni kunya. Da na kama birki sai duk 'yan makaranta su juyo suna dariya."

Ɗayanmu ya ɗauko kwalbar, ya ɗiga ɗigo biyu a faifan gaba, biyu a na baya. Ɗayan ya juya tayoyin, ya bi faifan da tsumman da muke goge sarƙa. Ba mu yi shawara ba, ba mu ma kalli juna ba, ai ƙarfe ne ya yi kuka. Aka hau aka gwada a ƙofar rumfa, inda ƙasa take a shimfiɗe, da hannun ƙato mai matse sifana tun safe. Keke ya tsaya ba ƙara ko kaɗan. Auta ya ce, "Na gode, Yaya," ya hau ya tafi.

Abin da ya faru washegari mai shayin bakin titi ne ya ba mu labari, domin a gabansa aka yi. Auta ya sauko da jakar makaranta a baya, da bokitin awarar da zai ajiye wa wani mai shago ɗaure a kariya. Tun daga tsakiyar gangara mai shayi ya ga yaron ya matse hannu biyu, keke kuwa sai ƙara gudu yake. Ya sauke ƙafa yana jan takalmi a ƙasa, takalmin ya fita. Wata tirela ta taho daga hagu ɗauke da siminti. Saura taku kaɗan ya shiga titi sai ya karya kan keken ya faɗa kwata da gangan.

An yi masa ɗinki shida a ƙasan gwiwa, wuyan hannunsa na dama ya kumbura, haƙorinsa na gaba ya ɓantare. Da aka dawo da shi gida, Inna ta gama kuka da godiya ga Allah, sannan ta juya kansa.

"Sau nawa na ce ka bar gudu a gangarar nan? So kake ka kashe ni?"

Maƙwabta masu zuwa dubiya suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wasu suka ce kekunan zamani ba su da birki, ina laifin Phoenix. Muna tsugune a bakin ƙofa muna gyaɗa kai. Ɗayanmu har ya ce, "Kayan gwanjo sai a hankali." Auta yana kwance a kan tabarma yana kallon rufin ɗaki, bai ce uffan ba. Inna ta ce shi da keke har abada, in ya warke ya taka da ƙafa.

Ba za mu ce mun tabbata a ranar ba. Amma daren nan ɗaki ɗaya muka kwana kamar kullum, kowa ya san ɗan'uwansa idonsa biyu, kuma ba wanda ya ambaci kwalba.

Bayan kwana uku muka turo keken rumfa da niyyar a gyara a sayar. Muka miƙe kan da ya karkace, muka ɗaure sifok ɗin tayar gaba. Da muka zo kan birki sai muka yi abin da hannunmu ya saba, muka ja waya muka ƙara ɗaure ta. Hannun birki ya yi tauri, tun rabin hanya yake cijewa. Amma da ɗayanmu ya matse shi iya ƙarfinsa, ɗayan ya tura keken, sai taya ta ci gaba da juyawa tana wani gurnani mai kauri. Baba ya dakatar da carbi.

"Ku sake."

Muka sake.

"Wannan ba kukan ƙishirwa ba ne. Ku ciro mini abin da ke cizon."

Muka cire taya, muka zare fil ɗin da ke riƙe da fad, muka sa masa su biyun a tafin hannu. Sun yi baƙi ƙirin suna sheƙi. Ya shafa da yatsa, ya kai hanci.

"Wa ya sa wa wannan mai?"

Muka yi tsit.

"Shekara nawa kuna rumfar nan? Kun taɓa ganin na ɗiga wa robar birki mai?"

"Baba, ai wannan ba roba ba ce. Ƙarfe ne."

"Birki ne ko ba birki ba ne?"

Ba mu da amsa. Kusan duk abin da ke motsi a jikin keke santsi yake nema, sarƙa da boris da feda da firwil, kuma rabin aikin mai gyara shi ne ya ba su santsin. Birki ne aikinsa ya saɓa. Da kaushi yake aiki, yana juya ƙarfin gudu ya zama zafi ta hanyar guga, shi ya sa in ka taɓa faifai bayan doguwar gangara zai ƙona ka. Baba bai taɓa faɗa mana cewa maganarsa tana da iyaka ba, domin iyakar a hannunsa take, kwalbar ba ta taɓa kusantar birki ba duk tsawon shekarun nan. Da sabon abu ya zo mai kama da ƙarfe a kan ƙarfe, sai muka tuna abin da bakinsa ya faɗa muka manta abin da hannunsa yake yi. Garin neman gira muka kusa rasa ido, idon ma ba namu ba.

Ya miƙo mana fad ɗin ya ce, "Kafin ku gyara keken nan, akwai maganar da ke jiranku a gida." Muka ce to. Muka kuma gaya wa kanmu cewa ya fi kyau mu je wa Inna da gyararren keke a hannu.

Dare biyu muka yi a kan wayar hannu, ƙaraminmu yana karanta takardun kamfanonin birki yana fassarawa, muna kallon hannayen masu gyara na wasu ƙasashe a bidiyo. Abu na farko da muka gane ya ba mu kunya saboda sauƙinsa. Birkin da ya daina kamawa, hannunsa ake fara tambaya. In ka matsa ya tafi har ya taɓa kan keke, to ƙarfin ne ba ya isa wurin fad: ko waya ta saki, ko fad ya cinye. A masu tiyo, waɗanda mai ne ke tura fad ɗinsu maimakon waya, in hannun ya yi laushi kamar soso iska ce ta shiga, sai an fitar da ita. Amma in hannun ya yi tauri, ya cije inda ya kamata, taya kuma ta ƙi tsayawa, to ƙarfi yana isa, fuskar fad da ta faifai ne suka daina riƙe juna. Ko mai ya taɓa su, ko zafi ya gasa fuskar fad ta yi sulɓi. A nan ko ka ja waya har ta tsinke ba abin da zai ƙaru.

Abu na biyu, fad yana shan mai. Bayansa ƙarfe ne, amma naman da ke gaba, mai gugar faifai, gari ne da aka cuɗa da danƙo aka matse, yana da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Mai yakan shige ciki yadda yake shiga ƙosai. Ka goge sama ya yi fes, da zarar ya ɗauki zafi sai na ciki ya tsatso.

Mun karanta wannan amma muka ƙi yarda, don sabon fad kuɗi ne, kuma ba mu san inda za mu same shi ba. Muka wanke da kananzir, abin ya ƙara lalacewa, ashe kananzir ma maiƙo yake bari. Muka goge fuskar da samfefa har baƙin ya fita, ya kama sau uku ya koma gurnani. Muka riƙe shi da filaya a kan wutar risho, ya yi ta hayaƙi mai wari, muna murna mai yana fita. Ranar ya kama sosai, washegari ya saki. Baba ya karɓa ya danna gefen naman da farce, sai ga shi yana marmashewa, har ya fara rabuwa da ƙarfen bayansa.

"In ya ɓalle a tsakiyar gangara fa?"

A kwanakin nan kullum sai mun shiga gida da wani abu a leda, yau tsire, gobe lemo da ayaba. Auta yakan karɓa da hagu, don na dama na ɗaure, ya ce, "Na gode, Yaya." Inna ta ce Allah ya yi mana albarka, mun san darajar ƙani. Mukan amsa da amin a ciki-ciki.

Neman sabon fad ya nuna mana ba kamar robar birkin Phoenix ba ne da ake samu a kowane teburi. Kowane muƙamuƙi da siffar nasa. Shago huɗu muka shiga da tsohon a aljihu ba mu dace ba. A ƙarshe muka ɗauki hotonsa kusa da rula muka tura wa wani mai kayan keke a Kano ta WhatsApp. Ya tambaye mu na danƙo muke so ko na ƙarfe. Na ƙarfe ya fi daɗewa, ya fi jure ruwa da zafi, amma ya fi kuka, kuma ba kowane faifai ke ɗaukarsa ba. Na danƙo ya fi shiru, sai dai ya fi saurin cinyewa. Muka ce na danƙo, gaba da baya, ya ba direba a tasha. Kuɗin ya lashe cinikin facin kwana uku.

Kafin kaya su iso muka koma kan faifan, domin sabon fad a kan faifai mai maiƙo asarar kuɗi ce. Notocinsa masu kan tauraro ne, sai da muka sayi makullin T25 muka kwance su. A jikinsa an zana 160, faɗinsa ke nan a milimita, an kuma zana 1.5, kaurin da in ya kai sai a yar da shi. Sabo na Shimano da kauri 1.8 yake zuwa, wato tsakanin sabo da matacce bai kai rabin milimita ba. Muka ari ma'auni wurin wani makaniken mota muka gwada, namu da saura. Muka wanke shi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, muka bi shi da samfefa mai laushi a hankali, sannan muka sayo sifirit a kemis. Man ya fi ɓuya cikin hujojin, don haka muka naɗa auduga a tsinken tsintsiya muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu goge da farin ƙyalle ya fito baƙi, mu sake ya fito toka-toka, har ya fito fari. Cikin muƙamuƙin ma muka wanke. Daga nan ta gefe muke ɗaukar faifan, don ko maiƙon yatsan mai gyara ya isa ya ɓata aiki.

Ranar da kaya suka iso kwana goma ke nan da faɗuwar Auta. Muka shigo rumfa da ledar muna ɗoki. Baba ya miƙo hannu, muka ɗauka so yake ya taɓa ya ji. Ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa ya ci gaba da jan carbi.

Bayan sallar isha'i muka same su a tsakar gida, Inna tana wanke waken gobe, Auta yana zaune ƙafa a miƙe. Muka durƙusa. Babbanmu ya fara, muryarsa ta sarƙe, ƙaraminmu ya ƙarasa. Muka ce yaron bai yi gudu ba, mu muka sa wa birki mai, mu muka kashe shi.

Inna ta daɗe hannunta cikin ruwan wake.

"Kuna zaune a bakin ƙofar nan na yi masa faɗa."

"Muna zaune, Inna."

"Yau kwana goma."

Ba ta ƙara ba. Muka juya wurin Auta muka ce ya yafe mana.

"Ai na sani, Yaya. Ina tsaye kuka ɗiga. Da na matsa ya ƙi kamawa, shi na fara tunawa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Gidan cike yake da mutane. In suka ji, wa zai ƙara kawo muku gyara?"

Ya kwanta da ɗinki shida da laifin da ba nasa ba don ya tsare mana rumfa, mu kuwa muna kawo masa tsire. Inna ta tsame hannunta ta goge a zani, ta matsa kusa da shi ta dafa kansa, ta ce ya yi haƙuri. Mu ba ta dube mu ba sai bayan kwana biyu.

Da safe Baba ya zaro ledar ya ajiye a kan benci. Auta ya biyo mu rumfa yana ɗingishi, ya zauna kusa da shi. Muka wanke hannu da sabulu, muka sa fad, muka mayar da taya. A irin wannan birkin gefe ɗaya ne ke motsi. Fad na waje ne ke tura faifai ya ɗan lanƙwasa ya haɗu da na ciki, wanda ke zaune wuri ɗaya. In na cikin ya yi nisa, ƙarfin hannu a lanƙwasa faifai yake ƙarewa, kuma yana ƙara nisa ne yayin da yake cinyewa. Jan waya ba ya rufe wannan tazarar, akwai wani noti a bayan muƙamuƙi da ake murzawa ya matso da shi. Muka sassauta notoci biyun da ke riƙe da muƙamuƙi da alanki mai lamba 5, muka matso da na ciki, ɗayanmu ya matse hannun birki, ɗayan ya ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Muka shimfiɗa farar takarda a ƙasa muka leƙa ta sama, sai ga siririn haske ta gefe biyu na faifan. Taya ta juya ba guga.

Aka hau aka matsa. Birkin ya kama, amma sama-sama. Auta ya dube mu bai ce komai ba.

Da ba mu karanta ba da mun ce aikin bai yi ba. Sabon fad da wankakken faifai ba su san juna ba tukuna. Sai fad ya shafa wa faifai wani ɗan kaso na jikinsa, ko'ina daidai, sannan riƙon ke zuwa. Ana taka keke ya ɗauki gudu matsakaici a wuri shimfiɗaɗɗe, a matsa birki da ƙarfi har gudun ya dawo kamar na mai tafiya a ƙasa, a saki kafin taya ta tsaya cak, a sake. In aka tsaya cak da zafi, shafin zai taru wuri ɗaya, birki ya riƙa fizga. Kowane birki shi kaɗai ake yi masa, wajen sau 20. Muka fara da na gaba, domin shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, tunda nauyi gaba yake zubowa in an kama birki. Muka ce Auta ya riƙe lissafi. Babbanmu ya yi ta kai da kawowa a gaban rumfa, masu wucewa na kallonsa kamar wanda ya zautu, Auta yana ƙirgawa da ƙarfi. Wajen na takwas kan keken ya fara duƙawa in an matsa. A na 15 tayar baya ta ɗaga daga ƙasa, har Baba ya ji saukarta ya ce, "Yauwa."

Gwajin gaskiya a gangarar gida muka yi shi da la'asar. Muka ɗaure bulo a kariya a madadin bokitin awara. Ƙaraminmu ya hau, babbanmu ya tsaya can ƙasa kusa da mai shayi. Sau biyar aka sauko, kowane karo da yatsa biyu keken ya tsaya inda aka so, nesa da kwata. Inna tana leƙe ta ƙofa. Ba ta yi magana ba, amma daren nan ba ta hana a shigar da keken zaure ba.

Tun daga lokacin kwalbar baƙin mai ta koma can ƙarshen teburi, in za mu sa wa sarƙa mai sai mun rufe faifai da leda. Tsumman sarƙa da ƙyallen birki ba sa haɗuwa a ƙusa ɗaya. Duk wanda ya kawo birkin faifai sai mun zaro fad mun nuna masa, in naman ya kusa rabin milimita, iyakar da Shimano ya sa wa nasa, mu ce a canza. Wani ya taɓa kawo mana mai tiyo hannunsa ya mutu gaba ɗaya, ashe man birkin mota ya ɗura masa. Na Shimano da na Tektro man minaral suke sha, na mota kuwa yana kumbura robobin da ke cikinsu su lalace. Mutumin ya sunkuyar da kai yana jiran mu yi masa dariya. Muka ba shi benci, muka ba shi labarin ɗigo huɗu da bakinmu, abin da Auta ya sha wuya don kada a ji. Bai fasa kawo mana gyara ba.

Kukan da ya jawo duk wannan kuwa ba wani ciwo ba ne. Ƙurar hunturu ce ke kwanciya a faifai, ga muƙamuƙin ya ɗan karkace. Da mun tsaya mun duba, farin ƙyalle da sifirit da alanki sun ishe shi, aikin da bai kai minti goma ba.

Auta ya koma hawa bayan an cire ɗinki. Makonni da yawa yana tura keken da hannu har ƙasan gangara, sai ya tsallaka titi sannan ya hau, ba wanda ya ce masa don me. Yanzu yana saukowa a kai, a hankali, yatsu biyu a kan kowane hannu. Kowace safiya kafin ya fita yakan matse birkin gaba ya tura keken, ya matse na baya ya tura, ko muna wurin ko ba ma nan. Haƙorin yana nan a ɓantare, muna tara kuɗin gyaransa a wani gwangwani. Da hunturun bana ya shigo, birkin ya sake ɗan kukansa na safe, ko an goge sai ƙura ta dawo da shi. Daga zaure muna jin sa yana sauka, ƙii a ƙofar maƙwabta, ƙii a tsakiyar gangara, sannan na ƙarshe can kusa da mai shayi. Sai mun ji na ƙarshen muke ɗaukar makullin rumfa mu fita.